In An Sayar da Kanti, Ina Makomar Yaransa?



Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta ita ce halin da ma'aikatan manyan kantunan sayar da kayan masarufi kan shiga yayin da jita-jita ta bazu cewa za a sayar da kamfanin da suke yi wa aiki, ko za a haɗe shi da wani, ko za a rage ma'aikata. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan mutumin Illela da wannan zance, alhali kuwa ba mu da kanti mai rassa ashirin, abin da muke da shi shi ne kasuwar Lahadi, da kara, da rumfuna, da shagunan bakin hanyar Sakkwato? Amsata ita ce, duk wanda abincinsa ke fitowa daga dukiyar wani, ko yana sanye da rigar kamfani a Kano ko yana auna shinkafa da kwano a nan, damuwarsa guda ce, wato kada a yanke hukunci a kan rayuwarsa a ɗakin da ba a gayyace shi ba, ya zama shi ne na ƙarshen jin labari. Saboda haka zan fara da ƙissar da ta auku a ƙasar nan, wadda jaridu suka ɗauka, sa'an nan in komo gida.

Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe kantinsa na farko a Nijeriya a Ikko, a ƙarshen 2005, ya yi ta yaɗa rassa har suka kai 25, cikinsu har da na Kano, wanda aka buɗe a 2014 a ginin kasuwar zamani mai sunan marigayi Sarki Ado Bayero. A farkon watan Agusta na 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da fatauci, shugabannin kamfanin suka sanar da masu hannun jari cewa suna duba yiwuwar sayar da rabonsu na Nijeriya. Dalilansu ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san ciniki: darajar naira tana ta zubewa, ribar da aka samu da naira ta yi wuyar juyawa zuwa dala a fitar da ita, kaya na daɗewa a tashar jiragen ruwa, kuɗin hayar gine-gine kuwa sau da yawa da dala ake lissafinsa. Ku lura da wanda aka fara gaya wa. Masu jari ne, domin ƙa'idar kasuwar hannun jari ta wajabta haka. Mai tura amalanke cikin kanti, da mai gasa burodi tun da asuba, da yarinyar da ke zaune a bakin na'urar karɓar kuɗi, da yawansu a wayar hannu da rediyo suka tsinci labarin.

Ku ƙaddara yarinyar nan a ranar. Tana zaune tun safe tana goga kaya a na'ura ɗaya bayan ɗaya, ga layi ya miƙe, kowane mai saye kuwa in ya iso gabanta sai ya sunkuyo ya ce, ashe tafiya za ku yi? Ita ba ta da amsa, shugaban sashenta ba shi da amsa, manajan reshe ma abin da aka rubuto masa kawai ya sani, kuma an hore shi da kada ya ƙara ko harafi. In an tashi hutun cin abinci, sai wannan ya ce ya ji an ce mutanen Sin ne za su saya, wancan ya ce a'a, wani attajirin Ikko ne, wata ta ce ƙanin mijinta ya tabbatar mata duk wanda ya wuce shekara biyar za a fara kora domin albashinsa ya yi nauyi. Kowa ya koma bakin aiki da labarin da ya fi wanda ya zo da shi muni.

Wata takwas aka yi a kan haka. A farkon Afrilu na 2021 ma'aikatan suka yi yajin aiki, suka rufe ƙofofin rassa a garuruwa da dama, kuma abin da suka nema ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba ƙarin albashi ne kan gaba ba: cewa suka yi a biya su haƙƙin shekarun da suka yi wa tsohon mai kamfani kafin a miƙa su ga sabo. A tsakiyar shekarar ciniki ya faɗa, kamfanin Ketron, na rukunin Persianas wanda Tayo Amusan ke shugabanta, ya karɓi kantunan, aka bar musu sunan Shoprite bisa yarjejeniya.

A nan akwai wata daƙiƙar mas'ala wadda ya kamata kowane ma'aikaci ya fahimta, domin a kanta ne gardama ke tsayawa ko faɗuwa. Sayar da kamfani iri biyu ne. Akwai sayar da kadarori, inda sabon mutum zai sayi gini da firji da kantoci da kayan da ke sito, ya bar tsohon kamfani da basussukansa da ma'aikatansa. A nan aikin ma'aikaci ya ƙare, sai a sallame shi, in sabon ya ga dama ya ɗauke shi sabon ɗauka. Akwai kuma sayar da hannun jari, inda kamfanin da sunansa ke kan takardar ɗaukar aiki yana nan daram a idon doka, masu shi ne kawai suka sauya. A nan lauya zai ce maka ba a kore ka ba, shekarunka na nan ana ƙirgawa, saboda haka babu kuɗin sallama da za ka nema. Na Shoprite irin na biyu ne. To, ta fuskar hujjar shari'a, matsayin ma'aikatan yana da rauni. Amma ni a ganina tsoronsu yana da dalili mai ƙarfi, domin alkawarin da ke wuyan babban kamfani mai ɗaruruwan kantuna a ƙasashe da yawa, da alkawarin da ke wuyan wanda ba a gwada aljihunsa ba tukuna, lafazinsu ɗaya ne, nauyinsu ya bambanta, kuma duk wanda ya taɓa bin bashi ya san cewa ba takarda ke biya ba, mai ita ke biya.

Abin da ya biyo baya kun sani. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, tsadar kaya ta hau har ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, mai albashin da dā yake cika amalanke ya koma sayen awo. A watan Janairu na 2024 aka rufe reshen Kano, shekara goma ba kaɗan da buɗe shi, daga baya wasu rassa a wasu garuruwa suka bi sahu. Ko da an ce wa ma'aikaci ya nemi gurbi a wani reshe a Abuja ko Ikko, mai mata da 'ya'ya huɗu a makaranta, da tsohuwa a gida, wanda albashinsa da ƙyar yake kai shi ashirin ga wata, ya san wannan tayi ne na fatar baki. Kuma ba masu albashi kaɗai abin ya shafa ba, akwai manomin da ke kawo tumatir da kabeji, da mai kiwon kajin da ke kawo ƙwai, da mai a-daidaita-sahun da ke jira a bakin ƙofa, waɗanda ba su da suna a littafin kowa.

Kada a zaci wannan al'amari baƙo ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga irinsa. Kamfanin Neja, wanda ya yi fatauci a kogin Kwara tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, kamfanin Lever na Ingila ya saye shi a 1920, sa'an nan a 1929 aka haɗa shi da babban abokin gasarsa aka haifi UAC. Duk garin da kantuna biyu ke fuskantar juna, bayan haɗewa ɗaya ya wadatar, kuma ba sai an gaya wa akawu da mai awo da ɗan dako ma'anar wannan ba. UAC ɗin nan ita ta kafa kantunan Kingsway a 1948, waɗanda a zamaninsu ake ganin ba su da ranar mutuwa, haka ma kantunan Leventis da UTC. Dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu hannun jari a kamfanoni da yawa, matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya zo ya ƙarasa manyan kantunan. Yau in ka ambaci Kingsway ga saurayi ɗan shekara ashirin, sai ya tambaye ka ko sunan mota ne.

Yanzu bari mu duba jita-jita kanta. Malamanmu sun karantar da mu cewa Suratul Hujurati ta umarci muminai da binciken labari kafin su yi aiki da shi, don gudun cutar da mutane bisa jahilci, kuma wannan umarni yana kan ma'aikaci kamar yadda yake kan kowa: bai halatta ya tura wa mutum hamsin saƙon da bai san asalinsa ba, ya firgita abokan aikinsa, ya sa masu kawo kaya bashi su janye hannu, ya kori masu saye, har kantin da ke da sauran numfashi ya mutu saboda zancen mutuwarsa. Wannan gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da masu dukiya suka fi son a yi wa'azi da shi. Ɗaya rabin shi ne, wanda aka umarta ya yi bincike, a wurin wa zai bincika, in wanda ke riƙe da sahihin labari ya kulle bakinsa? Ƙila-wa-ƙala ba ta samun gurbi sai inda bayani ya yi ƙaranci. Shari'armu kuwa ta yi tsanani ƙwarai a kan cin riba daga jahilcin wani: ta hana ɓoye aibin haja, ta hana tare ayari a bayan gari a saye kayansa tun bai ji farashin kasuwa ba, illar hanin kuwa ita ce ɗaya ya san abin da ɗaya bai sani ba. Ina ganin maigidan da ya riga ya ƙulla cinikin kantinsa, yana kallon yaronsa yana cin bashi don biyan hayar shekara ko don ɗaura aure, bai ce masa uffan ba, ya kusanci wannan hani, ko da kuwa alƙali ba zai kama shi ba. Na yarda ciniki yana buƙatar sirri kafin ya faɗa. Sai dai sirrin farashi daban, ɓoye wa mutum cewa abincinsa na cikin haɗari daban.

Dokar ƙasa ba ta bar ma'aikaci haka siddan ba, ko da yake kariyarta gajera ce. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku ya cika. Ta ce ba a mayar da ma'aikaci daga hannun wani mai aiki zuwa wani sai da yardarsa, da sa hannun jami'in ƙwadago. Ta ƙayyade wa'adin sanarwa kafin a raba gari: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. In rage ma'aikata za a yi, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, kuma mai aiki ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen daidaitawa a kan kuɗin sallama. Ku ji lafazin, iyakar ƙoƙarinsa. Ba ta faɗi adadi ba, saboda haka abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki, ko abin da ƙungiya ta ƙulla da kamfani, shi ne madogara a gaban Kotun Ma'aikata. Dokar fansho ta 2014 kuma ta sa mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, wanda sayar da kamfani ba ya taɓa shi, in dai an zuba ɗin. Shi ya sa mai hankali ke duba asusunsa tun ana zaman lafiya.

A wasu ƙasashe hukuma kan sa baki tun ciniki bai faɗa ba. A Janairun 2021, daidai lokacin da ma'aikatanmu ke cikin zullumi, wani kamfanin Kanada mai suna Couche-Tard ya nemi sayen kamfanin kantunan Carrefour, mai ma'aikata sama da 100,000 a Faransa. Ministan kuɗi Bruno Le Maire ya fito fili ya ce gwamnati ba ta yarda ba, ya kafa hujja da tsaron abincin ƙasa, cikin 'yan kwanaki zance ya mutu. A Amurka kuwa, shirin kamfanin kantunan Kroger na sayen takwaransa Albertsons a kan dala biliyan 24.6 ya rataye tun daga Oktoban 2022 har Disamban 2024, lokacin da kotuna suka hana, ma'aikata suka shafe fiye da shekara biyu ba su san wanda za su wayi gari a hannunsa ba. Mu ma muna da hukumar kula da gasa da kare masu saye, FCCPC, wadda sai da izininta ake haɗe manyan kamfanoni, kuma dokarta ta ba ta damar duba abin da cinikin zai jawo wa ayyukan yi.

To, mu komo Illela. Mun ɗanɗani rufewar kasuwa ba tare da an sayar da ko da rumfa ɗaya ba. A Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, lokacin da aka ambaci Illela cikin iyakokin da za a buɗe, tare da Seme da Maigatari da Mfum. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka sake rufewa har Maris na 2024. Kun ga manyan motoci jere a bakin hanya, albasa tana ruɓewa cikin buhu, 'yan canji zaune da sefa da naira ba mai tambaya, 'yan dako kwance ƙarƙashin mota suna jiran labari. A waɗannan watanni masu shaguna da yawa sun rage yara, wasu sun sayar da shago sun koma noma, kuma kowace safiya da sabuwar jita-jita, gobe za a buɗe, jibi za a buɗe. Wanda ya ga wannan ba ya buƙatar a fassara masa zullumin ma'aikatan Kano.

Bambancin kawai shi ne, yaron shago a nan ba shi da ko raunanniyar garkuwar da ma'aikacin kamfani ke da ita. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma shaguna nawa ne a garin nan suka kai haka? Abin da yaro ke dogaro da shi al'ada ce, kuma al'ada ce mai kyau: ya yi wa maigida hidima shekara bakwai ko goma, yana buɗe shago bayan sallar asuba, yana riƙe littafin bashi, yana ƙetarawa Birnin Ƙonni ranar Laraba da kuɗin da bai taɓa mallakar ushirinsu ba, maigida ya ci da shi, ya yi masa sutura, ya yi masa aure, a ƙarshe ya sallame shi da jari. Attajirai da yawa a ƙasar nan ta wannan ƙofa suka fito. Aibinta guda ne, duk tana rataye a kan ran mutum ɗaya da ƙwaƙwalwarsa. In maigida ya karye, ko ya sayar, ko rai ya yi halinsa magada suka zauna rabon gado, sai ka ji ana cewa, ai mu ba mu san da wannan magana ba, yaron da ya ba da ƙuruciyarsa ya tashi da tabarmarsa.

Fiƙihunmu na Malikiyya, tun daga Risala har Muhtasar, bai bar wannan babi a buɗe ba. Ijara ƙulli ne mai lizimtar ɓangarori biyu, sharaɗinta a san lada, a san aiki ko wa'adinsa, domin jahiltar lada garari ne. Malamai sun tabbatar da cewa sayar da gidan haya ba ya warware hayar wanda ke ciki kafin wa'adinsa ya cika. In an kiyaye haƙƙin mai hayar ɗaki haka, ina ga mutumin da ya ba da ƙarfinsa? Ladan da ya tabbata a wuyan mamaci kuma bashi ne, ana fitar da shi kafin wasiyya da gado. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau in yaro ya ce a rubuta, sai a ce ya raina maigidansa, in maigida ya ce a rubuta, sai a ce bai yarda da yaronsa ba. Wannan kunya ce da ba ta da asali a addini, kuma marayu da yaran shago ne ke biyan kuɗinta.

Abin da nake roƙon shugabannin kasuwa, tun da Allah ya haɗa mu da malamai da sarakuna a zaure ɗaya, shi ne a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, kowane sashe da nasa, na 'yan hatsi, na 'yan tireda, na 'yan albasa, na dillalan kara. Duk maigidan da ya ɗauki yaro ya zo da shi da waliyyinsa da shaidu biyu, a rubuta ranar da ya fara, da abin da za a riƙa ba shi, da shekarun da za a yi, da abin da za a sallame shi da shi. Kuma kada a rubuta sallamar da naira, tun da mun ga yadda take narkewa, a rubuta ta da buhu ko katan ko kaso na jari. A ƙara sharaɗi cewa in za a sayar da shago, ko a rufe shi, za a gaya wa yara daga bakin maigida, a gaban shugaban sashe, aƙalla wata biyu kafin a miƙa mabuɗi, kuma mai saye ba zai karɓi mabuɗin ba sai an karanta masa abin da ke littafi, ya faɗa a gaban shaidu ko ya ɗauki nauyin yaran, ko kuwa a cire haƙƙinsu daga kuɗin ciniki kafin su shiga aljihun mai sayarwa. A yi kwafi uku, da boko ko da ajami, ɗaya wurin maigida, ɗaya wurin yaro, ɗaya a akwatin ƙungiya.

Shugaban zama, Allah ya ƙara maka girma, na ga lokacin la'asar ya gabato, kuma na san dillalai da magada suna da tambayoyi a kan sharaɗin nan na ƙarshe.